Ka biya kuɗin ƙarfe, ba ka tambayi takarda ba

Wani ɗan kasuwa daga Jidda ya aiko da wannan tambaya: "Ina zaune a nan da iƙama (takardar izinin zama), ina sayar da dabino da turare da sallaya ga masu aika kaya gida. Na daɗe ina kallon bidiyon mutanen Amurka suna sayen tsofaffin ƙananan akori-kura na Japan, su gyara, su sa musu manyan tayoyi, su sayar da riba. Ɗan ƙanen mahaifina da ke Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya samo mini Suzuki Carry ƙirar 1999 mai sitiyarin dama a kan riyal 14,000, har na tura masa 9,000. Ya ce za a mayar da sitiyarin hagu a can kafin a turo ta. Nufina in ɗauki kayana da ita na wata shida, in sayar, in sayo biyu. Nawa zan ware wa gyara da kwalliya?"

Alhaji, kada ka ware ko halala ɗaya tukuna. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda za ka ce ka tambayi kwastan ko murur, wato 'yan sandan kula da hanya, ban gani ba. Ka ambaci taya, ka ambaci riba, har ka sayo biyu a zuci, amma kalmar istimara, wato takardar rajistar mota, ba ta fito daga bakinka ba. A ƙasar nan motar da ba ta da istimara tarin ƙarfe ce, komai kyan fentinta. Wannan shi ne kuskurenka, kuma sauran duk 'ya'yansa ne.

Saudiyya ba ta barin a shigo da ƙaramar mota ta hannu wadda ta wuce shekara 5 da ƙerawa. Akwai ƙofa ga motocin tarihi, waɗanda suka haura shekara 30. Taka ta 1999 ce. Ta yi tsufa ga ƙofar farko, ba ta isa ta biyu ba sai 2029. Sannan ga batun sitiyari. Japan a hagu ake tuƙi, shi ya sa sitiyarinsu yake dama, mu nan a dama muke tuƙi. Dabarar da ɗan'uwanka ya kawo ta a juya shi a Sharja ita ce ma mafi muni, domin motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu tana cikin jerin waɗanda aka hana shigowa da su. Wato za ka biya makaniki kuɗi ya ƙara toshe maka hanya.

Ban ce yaron nan macuci ne ba. Wataƙila har ransa yake ganin taimakonka yake yi. Amma shi a Sharja yake, inda ake tara motocin Japan ana sake loda su zuwa ƙasashen Afirka da Asiya masu dokoki dabam da namu. Abin da ya gani yana tafiya lami lafiya a can shi ya ɗauka zai yiwu a nan. Kai kuma saboda jininka ne ka ji nauyin ka ce masa "dakata in bincika". Wannan jin nauyin ne ya sa ka tura riyal 9,000.

Su mutanen bidiyon fa? Amurka tana da dokar da ta yarda a shigo da motar da ta kai shekara 25 ko da ba ta cika sharuɗɗansu na yanzu ba. A kan wannan dokar kasuwar tasu ta tsaya, kuma masu sayen yawanci 'yan sha'awa ne da masu gonaki. Kai ka ɗauko ribar wata ƙasa ka ɗora a kan dokar wata. Kallon kitse kake wa rogo.

Na san wani dattijo a Makka, tela ne, mai son tsofaffin motoci kamar me. Ya je tashlihi, inda ake warware matattun motoci a sayar da sassansu, neman ƙofar mota, sai ya ga wata tsohuwar Datsun zaune a kan bulo, bodinta garau. Ya saye ta da arha, ya jawo ta warsha, wato gareji. Wata takwas yana zuba kuɗi: inji, kujeru, fenti fari mai ratsin ja. Ranar da na je ganinta yana goge fitilarta da gefen rawaninsa. Da ya je neman lamba aka duba aka ce masa an riga an soke rajistarta tun ranar da mai ita ya miƙa ta tashlihi. Ƙarshenta sai ya warware ta da hannunsa ya sayar guntu-guntu, bai mayar da ko rabin kuɗinsa ba. Tambaya ɗaya ta minti goma da ta raba shi da wannan baƙin ciki.

Ko da a ce ta shigo, ka san abin da ka saya kuwa? Wannan aji na motoci, da Carry da Daihatsu Hijet da Honda Acty da Subaru Sambar, tun 1990 dokar Japan ta tsayar da injinsu a cc 660, kayan da aka yarda su ɗauka kuma kilo 350 ne. Buhu bakwai ke nan na kilo 50. An yi su ne don lungunan gari da gonakin shinkafa, ba don babbar hanyar Jidda zuwa Makka da tsakar rana a watan Yuli ba, ga injin a ƙarƙashin kujerarka. Dabbab ɗin, wato ƙaramar akori-kurar da kake gani tana kwasar kayan ɗaki a unguwanninmu, sunansa ɗaya da motarka, amma na kasuwar nan ne, sitiyarin hagu, injinsa ya fi girma, kuma kayan gyaransa na nan birjik a sana'iyya, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara.

Don haka yau ɗin nan ka kira ɗan'uwanka ka ce kada a taɓa sitiyarin. Motar ta fi daraja a Sharja yadda take. Ya mayar wa dillali ko ya nemi mai kai ta inda ake karɓarta. In an ci maka riyal 1,500 ko 2,000, ka haɗiye. Ka sa ya rubuto maka nawa ya biya, wa ya biya, nawa ya rage a hannunsa, ko da a saƙon WhatsApp ne. Zai ɗan ji haushi, zai huce.

In har ranka na kan tsohuwar akori-kura, ka nemi ta gida mai istimara da rai. Kafin ka je haraj, kasuwar motocin hannu, ka fara tambayar murur ko iƙamarka ta ba ka damar mallakar motar ɗaukar kaya da sunanka. In ba ta ba ka ba, magana ta ƙare, kuma kada wani ya ce a sa ta da sunan abokinsa ɗan ƙasa ka riƙa aiki da ita. Wannan shi ake kira tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, kuma dokarsa tana kai mutum ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ban da cewa ranar da kuka ɓata motar tasa ce. In iƙamar ta ba ka dama, mai sayarwa ya kai motar fahas, wato gwajin lafiyar mota, ta ci kana tsaye, a duba lambar shasi ta yi daidai da takarda, sannan kuɗi su fita.

Gyara kuma daga ƙasa ake farawa. Ka kwanta ka haska ƙarƙashinta da fitilar waya, domin iskar teku ta Jidda tana cin ƙarfe, kuma akwai motocin da suka sha ambaliyar 2009 da 2011. Bayan tsatsa sai lagireto da famfon ruwa, sai birki, sai kulochi. A lissafina na kai-tsaye, tsohuwar mota irin wannan ka ajiye kamar rabin kuɗin sayenta don waɗannan, kuma sau da yawa ya kan wuce. Kwalliya kuwa, sauya launi ko siffar bodi ba tare da izini ba laifi ne a wurin murur, kuma mai sayen dabbab ba ya ƙara maka riyal ɗaya don manyan tayoyi. Abin da zai tambaye ka shi ne ko tana zafi, da kuma yaushe istimara za ta ƙare.