Harsashin .35 Remington Ya Ɓace a Kanti, In Sayi na Ɗurin Hannu?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Fensilbeniya a Amurka, ina da lasisin farauta da bindiga Marlin 336 mai cin .35 Remington. Saura mako biyar a buɗe farautar barewa, na zaga kantuna ban samu ko kwali ɗaya ba. A kasuwar baje kolin bindigogi wani ya nuna mini harsasai cikin leda, ya ce da hannunsa ya ɗura su, rabin kuɗi. Hankalina ya tashi, kada lokaci ya wuce ni. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Amma bari in fara da inda za ka samu na kamfani.

Ƙarancin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Tun 1906 ake yin .35 Remington, amma yau kamfanoni ba sa ware masa inji duk shekara. Sukan buga shi lokaci-lokaci, su koma kan harsasan .308 da .30-06 masu ciniki. Abin ya ƙara tsanani a 2020, da kamfanin Remington ya karye, aikin masana'antarsa ta Lonoke a jihar Akansas ya samu tangarɗa, ga kuma rububin saye na lokacin annoba.

Nemi masu nauyin giren 200, wajen giram 13 ke nan: Core-Lokt na Remington, Power-Shok na Federal, Super-X na Winchester, ko LEVERevolution na Hornady. Shiga shafin intanet na AmmoSeek safe da yamma, domin yana tattaro abin da dillalai ke da shi a hannu. A manyan shagunan intanet irin MidwayUSA ka sa a aiko maka saƙo da zarar kaya sun sauka, kuma idan ya shigo ka biya nan take. Sannan ka ɗauki waya ka kira ƙananan kantunan ƙauyukan da ake farauta. Sau da yawa can ne kwali biyu ko uku ke kwance a kan kanta suna shan ƙura. Duk shafin da ya ce yana da komai a araha, amma sai ka biya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko kuɗin kirifto, ɗan damfara ne.

Yanzu ga maganar ledar nan. Kullum sai an ce mini, ai tunda ya shiga bindiga kuma an rubuta 35 REM a gindinsa, shi ke nan. Wannan tunani ya ishe ni. Rubutun gindi kwanso kawai yake bayyanawa, bai san abin da aka zuba a ciki ba. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta yanka wa wannan harsashi 33,500 ne a ma'aunin matsi na psi, yayin da .308 ke kai 62,000. Wasu masu ɗurin hannu suna ƙara masa albarushi don bindigogi masu ƙarfin kulle, suna alfahari da hakan. Kai da idonka ba za ka bambance wannan da na ƙa'ida ba. Wasu kuma sukan yi ɗuri mai sauƙi da albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci, wanda kaɗan ake zubawa, har kwanso ya ɗauki awo biyu ba a lura ba. Ɗaya irin wannan ya isa ya tsaga ƙarfe a gaban fuskarka. Akasin haka ma na faruwa: a manta albarushin gaba ɗaya, ƙwayar wutar da ke gindi ta tura dalma ta maƙale a tsakiyar bututu, mutum ya ja mariƙi ya sake harbi a kanta.

Kuma Marlin ɗinka tana da nata sharaɗi. Harsasai suna jeruwa ne a bututun ƙasa, hancin na baya yana tokare da ƙwayar wutar na gaba. Idan hancin mai tsini ne kuma mai tauri, bugun bindiga na iya tayar da na gaba a cikin bututun, daidai inda hannunka na hagu yake riƙe. Shi ya sa ake sa mai dunƙulallen hanci ko mai shafaffe, ko na Hornady mai jan tsinin roba mai laushi. Sai kuma matse bakin kwanso. Idan mai ɗuri bai matse shi sosai ba, ƙarfen sifirin da ke tura harsasai a bututun da bugun bindiga za su tura dalmar ciki, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Ga kafaɗar kwanson .35 Remington 'yar ƙarama ce. In an danne ta fiye da kima wajen gyaran kwanso, sai ka ja kunama ka ji ƙas, barewa na kallonka.

Ɗurin hannu ba laifi ba ne ga wanda ya yi wa bindigarsa da ma'auni da littafi. Amma mai yi don kasuwanci a Amurka sai da lasisin tarayya. Mai leda ba lambar kaya irin wadda kamfani ke bugawa a kwali, ba inshora, gobe ba ka san inda za ka gan shi ba. Ido da yatsu amana ne a hannunka, ba a sayar da su don rangwamen dala ashirin. Ko tsohon kwalin kamfani aka miƙo maka, buɗe ka duba: rubutun gindi ya zama iri ɗaya duka ashirin ɗin, ba koren tsatsa, ba ƙarzar injin ɗuri a jikin kwanso. Kada kuma wani ya ruɗe ka da .35 Whelen, .358 Winchester ko .350 Legend, ba ɗayansu da yake na bindigarka.

Kwali biyu sun ishe ka bana, zai fi kyau su zama masu lambar kaya ɗaya. Idan na Hornady ka samu alhali da Core-Lokt ka yi saiti, sake saiti a yadi 100, domin na Hornady yana fita da gudun ƙafa 2,225 a daƙiƙa, Core-Lokt kuwa 2,080, ba wuri ɗaya suke sauka ba. Harsashi tara zuwa goma sha biyu sun isa wannan aiki. In har ranar buɗe farautar, wato Asabar ɗin bayan bikin godiya na Thanksgiving, ta matso ba ka samu ba, ka fita da bindiga mai cin .30-30 wadda harsashinta ya fi sauƙin samu, ka ajiye Marlin sai baɗi, ka fara nema tun watan Yuni.