Tambaya da Amsa: Maitatsine ne ya haifi Boko Haram?

Tambaya: Malam, kakata ta ce Boko Haram ragowar 'yan Maitatsine ne. Haka ne? Kuma me ya sa ba a tare su da wuri ba? Daga wata ɗaliba a Gombe.

Amsa: 'Yata, ki gaishe min da Hajiya. Ta kusa, amma ba tsatso ɗaya ba ne. Aƙidar Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, daban, ta Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, daban. Abin da ya haɗa su shi ne samari marasa madafa da hukumar da ta yi sakaci.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a Fagge lokacin da rikicin ya ɓarke a Disambar 1980. Tun kafin nan kowa ya san unguwar Marwa ta 'Yan Awaki ta zama ba shiga. Mahaifina kan cire agogonsa ya sa a aljihu idan zai bi ta can, don Marwa yana tsine wa mai agogo da mai keke. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya dawo. Maƙwabta sun kai ƙara har sun gaji. Da sojoji suka gama, an rasa rayuka sama da 4,000, sannan wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, da garinku a 1985.

A ganina, rigakafin yana hannun mai unguwa da limami, idan hukuma za ta saurare su. Sai kuma shari'a: kashe Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009, ba tare da an kai shi kotu ba, shi ya buɗe wa magajinsa Shekau ƙofa.