Ƙanina, kada ka ajiye littafin nan sai ka karanta shi a gaban jama'a

Assalamu alaikum. Ƙanina, tun bayan la'asar na ga tambayarka, na ajiye wayar don zuciyata ta yi nauyi, sai yanzu bayan isha'i na iya zama in rubuta. Ka ce an ba ka ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinku, burtsatsenku ya mutu wata biyar ke nan, kun kai takarda sakatariya sau uku shiru, ga shi an fara raɗe-raɗin kai ka cinye kuɗin karo-karo. Kana tambaya ko ka ajiye muƙamin ka huta, ko kuwa ka fito takarar kansila ka gyara daga ciki. Wallahi kamar ni ka zauna ka rubuta. Abin da kake ciki na shiga, kuma har yau ban gama fita ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a arewacin Jigawa. Da yake ni ne mai biro, ni aka ɗora wa riƙon kuɗin kwamitin ruwa. Sumon burtsatsenmu na sola, wato injin da ke cikin ramin yana turo ruwa sama, ya ƙone a ƙarshen daminar 2022, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a jihar nan. Mu bai rushe mana gidaje kamar na bakin kogin Haɗejiya ba, amma ya kwanta a gonakin fadama, gero bai yi auki ba. A cikin wannan halin muka bi gida-gida da kaka. Mai kuɗi ya ba da dubu ɗaya, marar kuɗi ya auno tiya biyu ta gero ko riɗi, muka kai kasuwa muka sayar. Akwai wata tsohuwa da ta kwance bakin zanenta ta ba ni naira ɗari uku na kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta ce jikokinta sun gaji da tafiya ɗiban ruwa kafin makaranta. Da abin da 'yan ci-rani suka turo, muka haɗa naira dubu ɗari uku da tamanin. Duk yana rubuce a littafina, gida-gida, da sunan mai gida.

Sai canjin kuɗi ya zo. Kun tuna Janairun 2023, da aka ce ranar 31 ga wata tsofaffin takardu sun daina aiki, kafin a ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗin jama'a na cikin akwatina a ɗaki, duk tsofaffi ne, kwamitinmu ba shi da asusun banki, banki mafi kusa sai ka yi tafiyar mota, ka kwana a layi, watakila ma ba ka shiga ba. Barci ya gagare ni. Ana saura kwana biyu wa'adin farko ya cika, wani babban mutum na garinmu ya yi sallama a zaurena da dare. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah Ya san shi. Abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, shi ya karɓa mini auren matata. Shi ne mai shiga da fita a sakatariya, duk ɗan siyasar da zai zo garinmu a ƙofar gidansa yake sauka. Ya ce, "Malam, kawo kuɗin nan kada su mutu a hannunka. Na yi magana da ɗan kwangila, zai karɓi tsofaffi ya shigar a Kano, ƙaramar hukuma kuma za ta cika sauran." Na shiga ɗaki na ɗauko a leda na miƙa masa. Ban kira shugaban kwamiti ba. Ban ce ya sa hannu ba. Yaya zan ce wa Baba ya sa mini hannu? Har godiya na yi masa, na raka shi da tocila zuwa bakin lungu.

Bayan mako uku aka kawo sumo. An goge shi, an sa shi a kwali, amma tsoho ne. Kwana goma sha tara ya yi yana ba da ruwa, ya tsaya, a tsakiyar bazara, a bakin azumi. Da muka kira wani makanike daga wani gari ya ciro shi, ya nuna mana inda aka taɓa kwance shi aka sake naɗin waya. Aka ce a zauna a ƙofar dagaci ranar Juma'a bayan an sauko.

Ƙanina, wannan ranar ba ta barina. Gari ya cika, har yara sun hau katanga. Dagaci ya tambayi Baba nawa aka ba shi. Ya gyara zama, ya ja carbinsa, ya ce dubu ɗari biyu Malam ya ba ni, kuma abin da dubu ɗari biyu za ta saya shi aka sayo. Bai ko ƙifta ido ba. Na miƙe na ce Baba, ka ji tsoron Allah, ɗari uku da tamanin ne, a zaurena, daren Lahadi. Ya ce, "Wa ya gani?" Wannan tambayar ita ta kashe ni. Wa ya gani? Na ɗaga littafina, wani ya ce littafin ya nuna abin da ya shigo ne, ina abin da ya nuna ya fita? Gaskiyarsa kuwa. Na dubi shugaban kwamiti, ya sunkuyar da kai. Na dubi liman, ya ce a yi sulhu, a rufa asiri. Asirin wa? Mutanen da na koyar da 'ya'yansu karatu shekara goma sha ɗaya suna kallona kamar an kama ni da akuya a kafaɗa. Wani yaro da na taɓa biya wa kuɗin jarrabawa daga aljihuna shi ya fara cewa a bincika gidana. Baba kuwa ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, aka bi shi ana gaishe shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba a ƙofar dagaci ya faru ba. 'Yata ce, tana aji huɗu lokacin, ta je ɗiban ruwa ƙauyen da ke gabanmu, aka ce mata ta koma bayan layi tunda ubanta ya shanye na garinsu. Ta dawo da jarka babu komai, ta shige bayan ɗaki tana kuka, ta ƙi faɗa sai da uwarta ta matsa mata. Mahaifiyata kuma ta daina zuwa suna da biki. Wata rana ta kira ni ta ce, "Ban tambaye ka ko ka ci ba, na san wanda na haifa. Amma ka biya." Ranar Alhamis na kora ɗaya daga cikin shanun huɗata biyu zuwa kasuwar Maigatari na sayar, na kawo dubu ɗari da tamanin na zube a gaban dagaci. Wasu suka ce ai ga shi ya amsa laifinsa. Daminar da ta biyo baya da aron sa na yi huɗa, sai kowa ya gama nasa sannan a ba ni. Har yau in na haɗu da mutumin nan a masallaci sai in canza sahu. Na san ba kyau, ina roƙon Allah Ya yaye mini, amma hannuna ba ya miƙuwa gare shi.

To, kada ka ajiye muƙamin nan yanzu. In ka ajiye ana cikin maganar, ka sa hannu a kan zargin da kanka, kuma 'ya'yanka za su gaje shi. Ka je wurin dagaci gobe da safe, kai ka nemi a tara jama'a, kada ka jira a kira ka. Ka karanta littafin da ƙarfi, gida-gida, ko sisin kwabo kada ka tsallake, ka sa a ƙirga abin da ya rage a bainar jama'a. In akwai inda ka kashe ba rasit, ka faɗa da bakinka kafin wani ya faɗa. Daga ranar kuma kada kuɗin gari ya sake kwana a ɗakinka. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, kada su zama 'yan gida ɗaya ko 'yan jam'iyya ɗaya. Mu yanzu har da mace a cikin ukun, shugabar adashen matan gari, kuma wallahi ta fi mu duka tsare lissafi. Duk wanda zai karɓi kuɗi, ko hakimi ne, da rana, gaban shaidu biyu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ka ji kunyar babba, ka ce dokar ƙungiya ce ba taka ba. Ni kunya ce ta ci mini sa.

Maganar takardunku uku: an buga muku sitam a kan kwafi? In ba a buga ba, ku ɗauka ba ku kai komai ba. Ka yi kwafi biyu, a karɓi ɗaya, a buga wa ɗaya sitam da kwanan wata ka dawo da shi gida. Takardar ta bi ta hannun dagaci da hakimi su sa hannu, sannan ku ba kansilanku kwafi, ku kai wani sashen ayyuka, ku kai wani hukumar ruwan karkara ta jiha, wadda ake kira RUWASSA a jihohi da dama. Kada ka tafi kai kaɗai. Ku cika mota, da dattawa, da liman. Kuma lokaci yana da muhimmanci, don kasafin shekara mai zuwa a ƙarshen shekara ake haɗa shi. Wanda ya zo a watan Maris sai a ce masa ba ya cikin kasafi.

Af, kafin in manta, kun tabbatar sumon ne ya ƙone? Mu sai daga baya muka gane ruwan ƙasa yana ja baya da bazara, injin ya riƙa juyawa a bushe, abin da ke kashe sumo ke nan. Wani lokaci kuma akwatin da ke tsakanin faifan sola da injin ne ya lalace, ko ɓera ya ci waya, gyaran da bai kai kuɗin sabon sumo ba. Ku samo makanike biyu da ba su san juna ba, kowa ya duba ya faɗi nasa. Mu jinkirin da rigimar ta jawo ya sa sai bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 muka sayi sabo, lokacin komai ya tashi, har kuɗin motar da za ta kawo shi. Sai da aka sake karo-karo, kuma ka san wuyar roƙon mutane karo na biyu a kan abu ɗaya.

Takarar kansila kuwa, ba zan hana ka ba, amma ka san abin da za ka shiga. Ɗan ajinmu ya yi kansila zango ɗaya, na ga yadda ya ƙare. Kansila ɗan majalisa ne, ba shi da asusun aiki a hannunsa, sai dai ya kai kuka ya bi sawu. Amma a gari ba wanda zai yarda da haka. Tun asuba ƙofar gidansa cike, mai takardar asibiti, mai ragon suna, mai kuɗin makaranta, albashin ba ya kai tsakiyar wata. A kan takarda ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na rabon asusun tarayya, kuma tsarin mulkin 1999 ya lissafa musu ayyuka: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, shara, da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Amma shi tsarin mulkin ne kuma, a sashe na 162, ya kafa asusun haɗin gwiwa da jiha, kuɗin ya fara sauka can. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Mun yi murna ranar, har a majalisar mai shayi aka yi ta maganar. Ni dai ban ce wa mutanenmu su zauna jiran wannan kafin su sha ruwa ba. Kuma in ka fito takara yanzu da wannan zargin a wuyanka, abokin karawarka ba ya buƙatar fosta, da shi zai yi kamfe. Wanke sunanka tukuna.

Wani abin da ke ƙona mini rai, 'yan'uwanmu na birni. Allah Ya saka musu, suna turo kuɗi. Amma mutum yana Legas ko Abuja, ya turo dubu biyar, sai ya cika WhatsApp da saƙon murya, a yi kaza, me ya sa ba a yi kaza ba, ina kuɗina. Bai taɓa kwana gadin faifan sola ba, bai taɓa tura kurar ruwa a yashi ba. Lokacin da aka zarge ni su suka fi kowa yaɗa maganar, har ta kai wa ƙanwata da ke aure a Zinder. Da ya kamata su riƙa zuwa gida ko da Sallah su zauna a taron lissafi. Ga siyasa ta raba gari biyu, in 'yan wannan jam'iyya suka kira gayya waɗancan ba sa fitowa. Muna yara, in aka buga gangar gayya ba wanda ke tambayar wa ya kira. Rufin ajinmu na uku ya yaye tun bara, kwano goma sha biyu kawai ake nema, an kasa haɗuwa a kai.

Mu yanzu naira ashirin ake biya a kan jarka, marayu da tsofaffi kyauta, kuɗin na shiga asusun gyara da na maigadi, duk Juma'ar ƙarshen wata ana karanta lissafi a ƙofar masallaci. An roƙe ni in koma riƙon littafi bayan shekara ɗaya, na ƙi, sai da tsohuwar nan mai ɗari uku ta aiko jikanta ya ce in ji kaka ita ba ta taɓa yarda ba. Na koma. Baba bai taɓa halartar karatun lissafi ko sau ɗaya ba.

Daren nan, kafin ka kwanta, ka shiga wurin mahaifiyarka da maiɗakinka ka faɗa musu komai da bakinka, don ni a bakin 'yan ɗiban ruwa nawa suka fara ji. Sannan ka duba littafinka ka gaya mini: akwai kuɗin da ka taɓa miƙa wa wani ba shaida? In akwai, faɗa mini nawa ne da yadda aka yi, mu san ta inda za a ɓullo wa zaman dagacin. Allah Ya fitar da kai.