Amsa ga Goggo: Yadda Muke Zaman Hunturu a Toronto

Assalamu alaikum, Goggo. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da dukan mutanen gida a Sakkwato, na ga ya dace in rubuto muku cikakkiyar amsar tambayar da kuka yi mini ranar Juma'a, tun da waya ta katse kafin in kai ga bayani. Kun ce hotunan yara a tsaye cikin dusar ƙanƙara sun tayar muku da hankali, kuna son ku san dalilin da zai sa uwa ta fitar da 'ya'yanta cikin irin wannan sanyi alhali tana da ɗaki mai ɗumi, da kuma abin da ya sa kusan duk hoton da nake turowa a wannan lokaci na tukunya ne ko na taron cin abinci. Tambayarku tana kan hanya, domin ni ma haka na ga lamarin a shekarata ta farko.

Ɗarin da muka sani a gida yana da sauƙi guda ɗaya, wato rana. Ko da hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, an kwana da kasko a ɗaki, da zarar hantsi ya yi za a ga tsofaffi a jikin bango suna shan ɗumi. A nan Toronto ta ƙasar Kanada kuwa rana tana iya fitowa tar a watan Janairu, amma ba ta ɗumama ko tafin hannu, kuma sanyi kan sauka digiri 10 ƙasa da sifiri, wani lokaci har 20. Duk da haka, ba sanyin ne ya fi wahalar da mu ba, domin an gina gidajen don shi, har ma dokar birnin ta wajabta wa mai gidan haya ya riƙe ɗumin ɗaki a kan digiri 21. Abin da ya fi cin rai shi ne gajartar yini. A wajen 21 ga Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai cika awa 9 ba, alhali ku a Sakkwato kuna da fiye da awa 11. Muna sallar La'asar wajen ƙarfe biyu da rabi, Magariba kafin biyar, ana wuce shida kaɗan Isha'i ta shiga. Maigida yakan fita aiki da duhu, ya dawo da duhu.

To, Goggo, ku ɗauki wannan ku haɗa da rashin ƙofar gida. Babu zaure, babu majalisar dattawa a bakin titi, babu maƙwabciyar da za ta yi sallama ta shigo neman gishiri ta ɓige da hirar awa guda, babu muryar mai tallan fura. A gida zumunci shi yake zuwa ya tarar da mutum ko bai nema ba. A nan, idan hunturu ya shiga kowa ya rufe ƙofarsa, amaryar da aka kawo ko mai jego tana iya yin mako ba ta ji Hausa a bakin kowa ba sai mijinta. Likitocin ƙasar nan sun san akwai ciwon damuwa da ƙarancin haske yake haddasawa, kuma sukan shawarci masu baƙar fata irinmu da shan bitamin D, domin fatarmu ba ta samun ranar da take buƙata. Na ga yadda kaɗaici ya rame da wata baiwar Allah da ta zo a watan Nuwamba, kuma tun daga lokacin na daina ɗaukar girki da taro a matsayin shagala.

Abincin da muke yi a wannan lokaci na gida ne zalla, kuma akwai labari a yadda muke samun kayansa. Gero muna sayensa a shagunan Indiyawa, inda suke kiransa bajra, dawa kuma jowar, domin su ma abincin talakawansu ne. Ranar da na fara gane haka na tsaya a shagon ina shinshinar garin, sai da hawaye suka zubo mini, saboda ƙanshin ɗakin girkinku ne sak. Da shi muke dama kunun tsamiya da asuba, da citta da kanumfari da ɗan barkono, yara su sha kafin su tafi makaranta. Da shi kuma muke kirɓa fura, sai dai a inji maimakon turmi, domin daka a bene yana damun na ƙasa, kuma yogot mara sukari yake tsayawa a madadin nono. Zan faɗa muku gaskiya, ba ta kai furar Sakkwato ba, amma tana kashe ƙishin gida. Naman halal kuwa ba ya wuya, akwai mahauta 'yan Somaliya da 'yan Pakistan da suke sayar da akuya da rago da ƙafar saniya, don haka farfesu ba ya yankewa a gidajenmu daga Disamba zuwa Maris. Soɓo ma yana cika shaguna a ƙarshen shekara, saboda mutanen Jamaika suna shan irinsa a lokacin Kirsimeti.

Abin da muke tattali kamar zinariya shi ne kuka da kalwa da busasshiyar kuɓewa da sure. Ana samun wasu a shagunan 'yan Afirka, amma wadda ta san miyar gida tana gane bambanci tun daga ƙanshi. Idan wata ta dawo daga Najeriya da ƙullin kalwa, ba ta ci ita kaɗai, sai ta rarraba wa gidaje. Tandar masa ma guda biyu ce a cikinmu, tana yawo daga gida zuwa gida. Kasko ne kawai muka haƙura da shi baki ɗaya, domin tagogin nan ba sa shigar da iska, kuma hayaƙin gawayi marar ƙanshi yana kashe mutum cikin barci, shi ya sa ake maƙala na'urar gargaɗi kusa da ɗakunan kwana. Ina roƙonku, ko a can a riƙa fitar da kasko kafin a kwanta. Turaren wuta kuwa a kaskon lantarki muke sa shi.

Gidaje tara ne muke zagaye a tsakaninmu, wasu daga Sakkwato da Kabi da Zamfara, wasu daga Kano, akwai mutanen Ƙonni da Maraɗi, har da gida ɗaya daga zangon Kumasi. Kowace Asabar gida guda yake karɓar baƙi, kowace mace kuma ta zo da kwanonta don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. Maza suna falo, mata suna wajen girki, yara kuma sai sun biya karatunsu na Alƙur'ani a gaban ɗaya daga cikin iyaye kafin a sake su su yi wasa. Mun yi yarjejeniya cewa a kan tabarmar cin abinci Hausa kaɗai za a yi, kuma babba ne yake fara sa hannu, a ci da dama, kada a ɗaga kai ana kallon bakin manya. Yaran da suke yini cikin Turanci a makaranta ba su da wani wurin koyon gaishe da babba da durƙusawa in ba nan ba. Mukan hallara da tsakar rana da gangan, domin a hunturu kuna gabanmu da awa 6, sha biyun ranarmu ita ce gab da Magaribarku, lokacin da ake samun kowa a gida idan an kira.

Saura batun fita, wanda shi ne ya fi damunku. Yaron da kuka gani a hoto yana sanye da riga uku, da babbar rigar sanyi a sama, da safar hannu, da hular da ta rufe kunne, da takalmi mai gashi a ciki, kuma da wuya mu wuce awa guda a fili. Makarantun nan ma suna fitar da yara wasa a hunturu sai idan sanyi ya tsananta, domin yaron da aka kulle wata huɗu jikinsa yakan mutu, barcinsa ya lalace, ya koma ba abin da ya sani sai waya. Ba kuma kowace fita ce ta cikin ƙanƙara ba. Akwai wani lambu mai suna Allan Gardens da aka rufe da gilashi, ana shiga kyauta, cikinsa ɗumi ne da itatuwan ƙasashen zafi, nan nake kai yara in nuna musu ganyen ayaba. Akwai laburaren birni mai rassa 100. A tsakiyar gari kuma akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake kira PATH, tsawonsu ya kai kilomita 30, mutum ya yi ta tafiya tsakanin shaguna da tashoshin jirgi ba tare da iska ta taɓa shi ba.

Tafiya mafi nisa da muke yi ita ce zuwa matsirgar ruwa ta Nayagara, kimanin kilomita 130 daga nan, a je a dawo a yini ɗaya, kamar yadda kuke kai mu ziyara Wurno muna yara da guzurin masa a kwano. Mukan zaɓi Litinin ta uku a watan Fabrairu, wadda jiharmu ta Ontariyo ta keɓe tun 2008 a matsayin hutun iyali. A jera motoci uku ko huɗu, a cika filas da shayi mai kayan yaji, a ɗauki dambun nama. Feshin ruwan yana daskarewa a kan itatuwa da ƙarafan bakin gaɓa har su koma fari fat, amma ruwan kansa yana ta zuba da rugugi. Duk lokacin da na tsaya a wurin sai bakina ya kama tasbihi, kuma a nan ne 'yar autata ta fara tambayata yadda Gulbin Rima yake.

Game da saƙon da kuka ce za ku ba mai zuwa, ina roƙon a sa kuka da kalwa da sure, a busar da su sosai, kuma ya bayyana su ga jami'an filin jirgi idan ya sauka. Kada a wahala da kilishi, domin Kanada ba ta barin a shigo da nama daga Najeriya, karɓewa za su yi. A gaishe mini da Baffa da Inna da sauran 'yan'uwa, kuma in Allah ya kai mu Asabar, taron a gidana yake, zan kira ku da Magaribarku ku ji yara suna gaishe ku da bakinsu.