Me zai hana gwamnati ta ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓe?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Zariya. Na ga mai gaskiya ba ya iya fitowa takara sai da ubangida mai kuɗi. Me zai hana gwamnati ta riƙa biyan kuɗin kamfe daga baitulmali?

Amsa: Malam, abin da ya dame ka ya dame ni. A 2022 fom ɗin neman tikitin shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, tun ba a buga fosta ko ɗaya ba. Wanda ya biya maka wannan kuɗi kuwa ba sadaka ya yi ba, zai dawo karɓar kwangila.

Sai dai mun taɓa gwada abin da kake nema. Zamanin Babangida gwamnati ce ta kafa jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ta ba su kuɗi, ta gina masu ofisoshi har ƙananan hukumomi. Bayan 1999 ma INEC ta riƙa raba wa jam'iyyu tallafi. Dokar Zaɓe ta 2006 ta ce a raba kashi 10 cikin ɗari daidai wa daida, sauran 90 bisa yawan kujeru a Majalisar Tarayya. Ka ga mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi ke nan. A ɗaya ɓangaren kuma, jam'iyyu 3 na 1999 suka zama 30 a 2003, wasunsu ba su da komai sai allon suna da shugaban da ke jiran rabo. Dokar 2010 ta cire tallafin.

Ni a ganina, tsarin ne ya gurgunta abin. Dubi Faransa. Can sai an gama zaɓe ake mayar wa ɗan takara kuɗi. Wanda ya samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa yana iya karɓar har kashi 47.5 na iyakar da doka ta yarda a kashe, amma sai wata hukuma ta daban ta bi rasit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Tun 1995 kuma an hana kamfanoni ba 'yan siyasa gudummawa.

Wannan binciken shi muka rasa. Dokar 2022 ta ce kada ɗan takarar gwamna ya kashe fiye da naira biliyan 1, amma kuɗin da ake danƙa wa daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, a ɗakin otal da tsakar dare ba ya shiga kowane littafi. In aka zuba kuɗin talakawa ba a toshe wannan kafa ba, ɗan takara zai karɓi na gwamnati ya haɗa da na ubangidansa, kai kuma kana nan ba ka da kuɗin fom.