Amsa ga yarona kan hanyar bakin tabki

Na saurari saƙon muryar da ka turo jiya da dare, ban amsa nan take ba don na fi so in rubuta maka, ka riƙa komawa kana dubawa. Ka ce, "Baba, hanyar bakin tabkin nan fa shimfiɗe take kamar tabarma, ba dutse ba gangare, ko yaro sai ya bi ta, to don me kullum sai ka sa na taka ta da ƙafa kafin mu fito da dawaki, kuma ka hana in bar baƙi su ɗan yi sukuwa?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan, ɗana, don da ka yi shiru kana yi kana gunaguni a ciki, ran da ba na nan sai ka bari.

Hanyar da ka bi ranar Jumma'ar da ta wuce ba ita ce ta yau ba. Hanyar dutse irin ta cikin Adar inda ka bar ta nan za ka tarar da ita ko bayan shekara goma, amma bakin tabki tafiya yake yi. Kai ma ka gani nan Tabalak, ƙarshen damina wajen watan Satumba ruwa ya cika har ya shiga ƙarƙashin bagaruwa, daga nan kuma sai ya riƙa janyewa a hankali har bazara, kuma duk inda ya janye yana barin laka, rana da iskar hunturu su busar da samanta ta tsattsage ta yi fari kamar ta shekara da bushewa, alhali ƙasanta taɓo ne ɗanye sharkaf. Kai da ba ka wuce kilo 60 ba za ka taka ka wuce lafiya lau. Doki kuwa da sirdi da mutum a kansa sun kai kilo 400, duk nauyin a kan kofato huɗu 'yan ƙanana, ɓawon nan ba ya ɗaukarsu. Shi ya sa ban ce ka taka kawai ba, na ce ka riƙe sanda kana cakawa. In sanda ta shige ta fito da baƙar laka a bakinta, ja hanyarka sama, ko da taku ashirin ne.

Ni ba labari na ji ba. Ina kamar shekarunka na bi irin wurin nan da wata goɗiya ta maigidana, da safe ne ma, ina jin daɗin iska, sai kawai na ji gabanta ya nutse, ta yunƙura ta fita sai ƙafafun baya ma suka bi, kafin in diro laka ta kai mata ciki. Abin da ba na mantawa idonta ne, ya firfito duk fari, da numfashinta kamar zugazugin maƙera. Na kama linzami ina ja da ƙarfina duka, wani tsoho masunci ya taho a guje ya buge min hannu, ya ce so nake in karya mata wuya. Shi ya sa aka kwance sirdin, aka bar ta ta huce, aka shimfiɗa zana da rassa a gabanta, aka zagaya igiya mai faɗi ta bayan ƙafafunta na gaba, mutum shida suka ja tana taimakawa. Ta fita, amma jijiyar ƙafarta ta gaba ta kumbura, wata uku ba a ɗora mata sirdi ba. Maigidana bai zage ni ba, kanwa da dusa kawai ya miƙo min ya ce ni zan yi jinyarta, ni na yi kuwa.

Maganar sukuwa kuma, duba su wa muke ɗorawa. Ma'aikata ne da samari da ke tasowa daga Tawa ƙarshen mako, su yi kilomita 50 ɗin nan kan hanyar Agadas don su sha iska su ɗauki hoto, yawancinsu rabonsu da doki tun wani biki suna yara. Mutum in ya ga fili sai ya saki jiki, ya saki linzami, hannu ɗaya na riƙe da waya. To bakin ruwa shi ne wurin da doki ya fi zabura: garken kirinjijiya ya tashi fuu daga cikin ciyawa, ko mai lambu ya tada injin ban ruwa, ko raƙuman Buzaye su ɓullo daga bayan itace, ka san dukushin nan namu har yanzu bai saba da warin raƙumi ba. In doki na tafiya a hankali ya zabura, taku biyu zai yi gefe, baƙo ya kama ƙwacciyar sirdi ya zauna. In yana sukuwa ne, baƙon ƙasa zai sha, kuma in ƙafarsa ta zurma cikin likkafa, Allah ya kiyaye. Saboda haka kan ƙafa kawai ke shiga likkafa, diddige ƙasa, kuma mai silifas ba ya hawa. Majayi kuma ka sake duba shi bayan minti goma da tashi, don dokin na kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya sake sai sirdi ya fara juyawa.

Ga wani abu da ban taɓa faɗa maka ba don bai faru a gabanka ba tukuna. In ka bari doki ya shiga ruwa ka ga ya fara dukan ruwan da ƙafar gaba, ba wasa yake ba, kwanciya zai yi ya yi birgima, da sirdi da mutum duka. Kar ka tsaya kallo, ɗaga kansa ka fitar da shi nan take. Ni ma dai na fi so kar su sha a bakin tabki sam, ka shayar da su a gida da bokiti kafin a fita, doki na shan lita 30 a yini, lokacin zafin Afrilu da Mayu ma ya wuce haka. Ruwan gefe inda dabbobi suka dama akwai matsattsaku, tana maƙalewa cikin baki ko hanci, sai ka ga doki na zubar da jini ka rasa dalili. Kai kanka ka daina tsoma ƙafa ba gaira ba dalili, tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukar ta.

Lokaci ma da ka ga ina takura ka, da dalili. Ka fita rana ta ɗan ɗaga, ka dawo kafin ta yi zafi, in da yamma ne ka tabbata kun baro bakin ruwa kafin magariba, don lokacin ne sauro da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu kawo ciwon dawaki suke fitowa. Da tsakar rana kuma bobuwa ce, cizonta na haukata doki, kuma tana iya ɗauko cuta daga jinin raƙumi ta sa masa. In kun dawo ka ɗaga kofato ɗaya ɗaya ka ƙwaƙule lakar, in ta kwana a ciki ruɓa take kawowa, za ka ji wari.

Sai lambuna. Mutanen nan suna bin ruwa ne suna shuka, albasa, rogo, dankali, inda babu komai makon jiya yau ka tarar an dasa. Doki ɗaya ya ratsa fangalin albasa ya ɓata wa mutum wahalar wata guda, mu kuma da su muke zaune, wajensu muke sayen harawa. In ka taka hanyar da ƙafa kai ne za ka fara ganin sabon shinge, ka gaida mai shi, ka tambaye shi ta ina ya fi so mu bi. Tsuntsaye ma haka, tun 2005 aka sa tabkin nan cikin jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ta damu da su, shi da na Dan Dutsi, wasu tsuntsayen daga Turai suke zuwa lokacin sanyi. Baƙo ya ce ka kai shi kusa ya ɗauki hoto, tsaya nesa, in kun matsa tashi za su yi, ba hoto kuma ga doki ya firgita.

Sukuwa ba na hana ka ita ba ce, na san jininka na tafasa. Akwai fako can sama nesa da ruwa, ƙasa mai tauri, can nake kilisa, in baƙi sun tafi ka ɗauki akawal ka je ka more. Gobe bayan sallar asuba ka same ni bakin barga da sandarka, ruwa ya janye sosai ta gabas kwanan nan, ina so mu je tare in nuna maka inda nake zargi.