Makuwa Daban, Ɓatan Hanya Daban

Tambayoyin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan hanya da matafiya suka tsaya.

Wani ɗalibi daga Gusau ya rubuto: "Malam, na je Kano ni kaɗai, na shiga Kasuwar Kurmi na bata. Da na fito sai na ga kamar an juya garin. Kakata ta ce makuwa na yi. Ba duk ɗaya ba ne?"

Ɗana, kafin mu je ga kakarka, me ka ba ta? Don abin da ka rubuta ke nan. "Na bata" ba ƙugiya, mai karatu zai ɗauka kyauta ka yi wa wata a Kurmi ka manta ba ka raba kalmomin ba. Tun shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, yau kuma ana iya rubuta su a wayar da ke hannunka. Ko da ƙugiyar ma akwai sauran aiki, domin ɓata iri biyu ce. Wadda ake ɓata kaya ko suna ana jan wasalinta na farko, wadda mutum ke yi a daji kuwa gajera ce. Rubutu bai nuna wannan ba, kunne ke rabewa. To in kunne na fama da biyu, don me za ka ƙara wa ido ta uku?

Kakarka ta fi ka gaskiya. Wanda ya yi ɓatan hanya ya san gabas ya san yamma, turbar ce ta kuɓuce masa, kuma ya san ta kuɓuce. Mai makuwa kuwa duniyar ce ta juye masa a ka, kuma abin tsoron shi ne bai san ta juye ba. Wasu ɗimuwa suke cewa, ko da yake ita ta fi faɗi, tunda mummunan labari ma kan ɗimauta mutum yana zaune a ɗakinsa.

Ni ma na ɗanɗana. Wata shekara da hunturu motar kasuwa ta sauke ni a bakin titi a ƙasar Katsina, zan shiga wani ƙauye in ɗauko kirarin mafarauta a bakin wani tsoho. Hazo ya rufe rana, an gama girbi, kowace gona kamar 'yar'uwarta. Na bi burtali har na wuce wata kuka mai amya biyu a reshe. Can an jima sai ga kuka mai amya biyu. Maimakon in ce na dawo inda na baro, sai na ce a raina lallai mutanen nan akwai son zuma. Da la'asar ta yi na yi taimama na ta da salla. Wani yaro mai kiwon awaki ya tsaya yana kallona har na sallame, sannan ya ce, "Baba, yamma ka duba." Kun san me na yi? Gardama na yi da shi. Ni da digiri, shi da sanda da gora. Ya yi shiru ya kaɗa awakinsa, na bi bayansu ina ƙunƙuni, ba mu yi nisa ba sai ga ƙarar daka. Har a masallacin garin da isha'i zuciyata ba ta yarda da alƙibla ba, liman kawai na bi. Sai da rana ta fito da safe, daga inda na rantse yamma ce, sannan kaina ya koma daidai. Tsofaffi kan jingina abin ga mutanen ɓoye. Ni dai a ranar ban ga aljani ba, taurin kaina na gani.

Wata malama daga Maraɗi ta ce: "An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni tambayar ce ta ɓatar da ni."

Malama, karin maganar ba ta yi ƙarya ba. Matambayi aka ce, wato wanda tambaya ta zame masa ɗabi'a, kamar yadda matafiyi ba wanda ya taɓa leƙa ƙofar gari ba ne. Wanda ya tambayi mutum ɗaya ya kama gabansa bai kai wannan suna ba. Sannan tambayar ma da irinta. In kika ce, "Wannan ce hanyar gari kaza?" mai kunya zai ce miki i, don kada ya kunyata baƙuwa. Ki ce, "Ina wannan hanyar ta nufa?" ki bar shi ya faɗi sunan da bakinsa. Ki fara da sallama da gaisuwa, ba irin ta 'yan zamani ba da ke zuge gilashin mota su jefa tambaya kamar suna bin bashi. In kuma aka miƙa leɓe aka ce "ga shi nan kusa", ki cika gorarki da ruwa.

Daga Kumasi an tambayi bambancin madugu da jagaba.

Madugu shi ne uban tafiya. Shi ke yanke ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke raba rigima. Jagaba kuwa sunansa ya faɗi aikinsa, shi ke jan gaba, ya san mashigin kogi da inda za a ya da zango. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni ta ƙasar Borgu har Salaga, ba ya tashi babu su. Mai jin sarautar Jagaban Borgu da Shugaba Tinubu ke riƙe da ita ya tuna Borgun kan wannan hanya take. Kai kuma mai tambaya, unguwar da kuke kira zongo ai zangon nan ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da yawa sun watsu zuwa wasu garuruwan, masaukin kwana kaɗan ya zama gida. Kada kuma a haɗa jagaba da ja-gora, ko da yake yau an cakuɗa su har ba a ji. Asalin ja-gora mai riƙe wa makaho sanda ne. 'Yan siyasar da ke kiran maigidansu jagora su duba matsayin da suka ba kansu.

"Hangen Dala ba shiga birni ba", wani ya ce a fassara masa. Matafiyi kan hango dutsen tun yana nesa da ganuwa, ƙafarsa ce ke biyan sauran. Wannan ai ba ta bukatar malami.

Na ƙarshe daga Zariya: "Ɓatan dabo, Sarkin Kano Ibrahim Dabo ake nufi?"

A'a. Dabon 'yan dabo ne, masu ɓatar da kwabo a tafin hannu ana kallo. Sarki Dabo ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, kuma ba a taɓa yin cigiyarsa ba.